Kuɗin Makaranta Ba Ladan Kamfe Ba Ne: Jawabin Shugaban Matasa a Taron Mazaɓar Farfaru

 

Ranka ya daɗe shugaban jam'iyya na mazaɓa, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da kuka baro ayyukan gida kuka taho, 'yan uwana matasa na Farfaru, da baƙinmu daga Jibiya da Magama da Daddara, sannunku da zuwa. Allah Ya saka da alheri, Ya maida kowa gidansa lafiya.

An ba ni dama in yi magana a kan matasa da zaɓen 2027. To ni na roƙi shugabanni su bar ni in yi maganar makarantar firamare, don duk matashin da ke zaune a nan daga can ya fito, kuma wanda zai gaje mu yanzu haka yana can zaune a ƙasa, ko kuma yana bakin hanya da jarkar fetur. Abin da nake so mu tafi da shi yau guda ɗaya ne: kuɗin makarantar gwamnati suna da hanyar da suke bi, hannuwan da suke ratsawa sanannu ne, kuma muddin ba a rubuta adadinsu a inda uban yaro zai gani ba, da su za a ci gaba da biyan bashin siyasa.

Mu fara da halin da muke ciki, don mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Mu mutanen bakin iyaka ne. A watan Agustan 2019 aka rufe boda, tamu ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Ba mu gama numfasawa ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa, sai Maris ɗin 2024 gwamnatin Najeriya ta ce a buɗe. Kowa a nan ya san abin da wannan ya yi wa kasuwar Jibiya da masu zirga-zirga zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Ga kuma 'yan bindiga. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye a duk faɗin jiha suka tsorata da makarantar kwana. A Maris ɗin 2022 mutanen Shimfiɗa suka yi gudun hijira zuwa cikin Jibiya, ina aka sauke su? A makaranta. Wato duk masifar da ta faɗo wa ƙasar nan, aji ne ke fara ɗaukarta. Uban da kasuwa ta mutu masa, gona ta gagare shi, ba shi da kuɗin makarantar kuɗi. Ta gwamnati ita kaɗai ce gatansa. Shi ya sa kowace naira da aka ware mata take da nauyi a nan fiye da a birni.

To daga ina kuɗin ke zuwa? Ina roƙon matasa ku buɗe kunne, don wanda bai san hanyar kuɗi ba, ko an sace a gabansa ba zai gane ba.

Hanya ta farko ita ce ta tarayya. A 2004, zamanin Obasanjo, aka yi dokar ilimin bai-ɗaya. Dokar ta ce karatu daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, shekara tara kenan, kyauta ne kuma dole ne. Ta kafa hukumar UBEC, ta ce a riƙa ware mata aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Amma da sharaɗi: kafin jiha ta karɓi kasonta na gine-gine, sai ta ajiye nata daidai da shi, naira a kan naira. Idan an haɗa, hukumar SUBEB ta jiha ce ke ba da kwangilar ajujuwa da kujeru da banɗakuna da rijiyoyi. Dokar nan har hukunci ta tanada. Uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, karo na farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari, na uku naira 5,000 ko wata biyu. Wanda kuma ya karɓi kuɗin makaranta a hannun yaro, tarar da za ta iya kai naira 10,000 ko wata uku. Kun ga dokar ta san yadda za ta kama talaka. Namu aikin shi ne mu sa ta kama wanda ya karɓi kwangilar aji ya gudu.

Hanya ta biyu ita ce ƙaramar hukuma. Tsarin mulki ya sa firamare cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki, kuma albashin malaman firamare daga kasonta na wata-wata ake cire shi. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shi ne ke kan malamai da hedimastoci. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, gaskiya ne, amma hukuncin ya buɗe mana ƙofar tambaya: nawa ya shigo Jibiya a wannan wata, nawa ya tafi albashin malamai, nawa ya rage?

Hanya ta uku ita ce Bankin Duniya. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga. A cikin shirin akwai kuɗin gyara da ake turawa asusun kwamitin makaranta. Ku riƙe wannan: kuɗin nan rance ne. Yarinyar da ke aji yau, ita da 'ya'yanta ne za su biya. Wanda ya ci su ya ci ta sau biyu.

Ta huɗu ita ce ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, waɗanda ake sawa cikin kasafin kuɗi, a gina aji biyu a liƙa hoton mai girma a jiki kamar daga aljihunsa ya fitar. Kuɗin jama'a ne, harajinmu ne da man fetur ɗinmu.

Hanyoyi huɗu kenan suna kwarara zuwa makaranta ɗaya. To me ya sa har yanzu za ka shiga ƙauye ka tarar da kwano ya yaye tun damina biyu, yara fiye da ɗari gaban malami ɗaya, allo ya koɗe, babu alli? Ruwa ba ya tsami banza.

Amsar tana cikin gidanmu na siyasa, kuma a nan nake so iyayenmu su yi mini haƙuri. A 2022, a jam'iyyarmu ta APC, fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. Fom kaɗai kenan fa. Ba a zo kan daliget ba, ba a zo kan fosta da motoci da man kamfe ba, ba a zo kan atamfa da taliya da sabulun ranar zaɓe ba. A lokacin, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce ɗan takarar majalisar wakilai kada ya kashe fiye da miliyan 70, na majalisar jiha kada ya wuce miliyan 30. Ku da kuke cikin harkar, ku faɗa wa kanku gaskiya ko an tsaya a nan.

Mutumin da ya sayar da gida, ya ci bashi, ko wani attajiri ya ɗauki nauyinsa, ranar da aka rantsar da shi lissafin farko da ke kansa shi ne na maida kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma makarantar firamare ta ƙauye ita ce wuri mafi sauƙin aski, don masu ita yara ne, ba su da ƙuri'a, iyayensu ba su san nawa aka ware ba, 'ya'yan masu yanke hukunci kuma ba a can suke karatu ba.

Ga yadda askin ke gudana, a ko'ina cikin ƙasar nan, ƙarƙashin kowace jam'iyya. Na ɗaya, kwangila. A ba ɗan siyasa takardar aiki a matsayin ladan wahala, shi ba magini ba ne, sai ya sayar wa wani ya cire kasonsa, wancan ma ya sayar. Kafin ta kai hannun mai siminti rabin kuɗin ya tafi, sai a buga bulo mai yashi da yawa, a sa katako ɗanye da kwano mai kaurin takarda. Iskar farkon damina ta zo ta yi gaba da shi. Na biyu, ɗaukar malami da 'yar takarda daga wani babba, ko ya iya karatu ko bai iya ba. Na uku, canjin wurin aiki: malamin da ke da uwa a gindin murhu a bar shi cikin gari, makarantar ƙauye a bar ta da hedimasta da mutum ɗaya. Na huɗu, kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. An yi shi ne don iyaye da mata da masu unguwa da tsofaffin ɗalibai su sa ido. Idan aka cika shi da 'yan amshin shata, aka sa wanda zai sa hannu a cek ba tare da ya tambaya ba, to an ba kura ajiyar nama.

Kuma kada mu ɗora wa manya laifin duka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daliget ɗin da ya karɓi ambulan daren zaɓen fidda gwani, da wane baki zai je ya tambayi zaɓaɓɓe ina ajin garinsu? An riga an biya shi. Matashin da aka ba dubu biyu ya yi ihu a taro, an saye muryarsa ta shekara huɗu a kan kuɗin da ba su kai na mudun shinkafa biyu ba.

Wani zai ce ai matsalar ƙarancin kuɗi ce, a ƙaro kawai. Bari in ba ku labarin wani gari a Amurka, Newark. A 2010 mai kamfanin Facebook, Mark Zuckerberg, ya ba da kyautar dala miliyan 100 don gyara makarantun gwamnati na garin, wasu attajirai suka ƙara kwatankwacinta. Magajin gari da gwamna suka tsara komai a sama, iyayen yara a talabijin suka ji labari. Fiye da dala miliyan 20 suka tafi aljihun masu ba da shawara. Da aka zo rufe wasu makarantu ana sauya wa yara wuri, gari ya ɗauki zafi, a 2014 mutane suka zaɓi wani tsohon shugaban makaranta, Ras Baraka, wanda ya yi adawa da tsarin, ya zama magajin gari. Kuɗi sun zo da yawa, amma an tsallake masu 'ya'ya.

Ga kuma Yuganda, ƙasar da ba ta fi mu arziki ba. An bi sawun kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare tsakanin 1991 da 1995, aka gano kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makaranta, sauran na maƙalewa a ofisoshin gunduma. Me gwamnati ta yi? Ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jarida duk wata, ta ce kowace makaranta ta liƙa abin da ta karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa makaranta ya haura kashi 80 cikin 100. Takarda a jikin bango ta yi aikin da 'yan sanda ba su yi ba, don ɓarawo ba ya son fitila.

Ba ma sai mun je nesa ba. Ku tsallaka Magama ku shiga Nijar, ku tambayi 'yan uwanmu abin da suke kira COGES, kwamitin makarantarsu. Tun 2004 aka fara wani tsari a jihar Tawa da taimakon Japan, daga baya aka yaɗa shi ƙasa baki ɗaya: jama'ar gari su taru su zaɓi shugabannin kwamiti da ƙuri'ar sirri, a tsara aikin shekara a gaban kowa, a dawo a karanta lissafi a gaban kowa. Hausawa ne irinmu, talaucinsu bai gaza namu ba. In sun iya, mu me zai hana mu?

A kan malamai kuma, ku tuna Kaduna a 2017. An yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka sa, gwamnatin El-Rufa'i ta sallame su. An yi ta cece-kuce, har yau wasu na ganin an yi gaggawa. Ni tambayata ɗaya ce: wa ya ɗauke su tun farko? An kori malamin, wanda ya rubuto masa 'yar takarda yana nan yana yawo da babbar riga. A nan Katsina, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 bayan an yi musu jarrabawa. Wannan abin a yaba ne, kuma mun yaba. Abin da ya rage shi ne mu san nawa aka turo Jibiya, nawa suka iso mazaɓar Farfaru, kuma nawa ke shiga aji ranar Litinin da safe. Gwamna yana Katsina, ba zai ga rajistar malaman ƙauyenmu ba. Mu ne idonsa, in mun yarda.

Saboda haka ga abin da ɓangarenmu ke nema, kuma ina so a rubuta.

Na farko, kowace makaranta a mazaɓar nan a liƙa takarda da Hausa, boko da ajami, a bakin ofishin hedimasta: nawa ya shigo, daga ina, ranar nawa, me aka yi da shi. Kowane gini kuma a kafa allo mai sunan ɗan kwangila da adadin kuɗin da ranar gamawa.

Na biyu, a sake zaɓen kwamitocin makarantu a bainar jama'a, da iyaye mata a ciki, don su ne suka san yaron da ya je da wanda bai je ba. Mai riƙe da muƙamin jam'iyya, har da ni da ke tsaye a nan, kada ya zama shugaba ko ma'ajin kwamiti. Mu tsaya a waje mu sa ido.

Na uku, mu matasa mu kasa kanmu, mutum uku-uku a kowace makaranta. Sau ɗaya a wata a je, da sallama da ladabi, da izinin mai unguwa da hedimasta. A ƙirga ajujuwa masu rufi da marasa rufi, malaman da ke rajista da waɗanda aka tarar, yara maza da mata. A rubuta a littafi, a ɗauki hoton gini. Ban da hoton fuskar yara, ban da cin mutuncin malami a Facebook. Malamin da ke shiga ƙauyen da wasu ke tsoron kwana, a kan albashin da bai kai ƙarshen wata ba, abokin tafiyarmu ne. Duk wata uku mu kai rahoto ga kansila da sakataren ilimi da shugaban ƙaramar hukuma, mu karɓi sa hannun cewa sun karɓa.

Na huɗu, mu yi amfani da doka. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun aikinta, ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Takarda ɗaya ce da biro. A cikinmu akwai masu difloma da NCE da digiri da ke zaune ba aiki, ga aiki ya samu.

Na biyar, duk mai neman ƙuri'ar Farfaru a zaɓen fidda gwani mai zuwa, daga majalisar jiha har ta tarayya, ya zo nan ya zauna a kan tabarmar nan, a karanta masa littafin makarantunmu, ya faɗi abin da zai yi da lokacin da zai yi, a rubuta ya sa hannu. Wanda ya aiko ambulan maimakon ya zo da kansa, ya gaya mana matsayin da ya ɗauke mu.

Na san abin da za a ce kafin mu kai gida. Za a ce yaran nan zagon ƙasa suke yi wa jam'iyya, wani ne ya turo su. Za a kira wasunku a waya a ce ku janye, ana shirin sa sunanku a wani abu. Iyayena, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu ne ke yawo gida-gida neman ƙuri'a, mu ake tsarewa a ƙofar gida a ce ina alƙawarin bara. Ranar zaɓe ba Abuja za a tambaya ba, mu za a kalla. Jam'iyyar da ta binciki kanta tun yanzu ta rage wa 'yan adawa abin faɗa a 2027. Wadda ta rufe ido kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma ba mu kira sunan kowa da sata ba. Wanda hannunsa ke da tsabta, takardar bango shaida ce a gare shi, ita za ta wanke shi daga zargin 'yan shayi.

Ku dubi abin da ke tafe. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta ƙasar Jibiya zai ratsa. Idan ya fara aiki za a nemi masu lissafin kaya, masu gyaran inji, ma'aikatan tasha, jami'an kwastan da na shige da fice. Yaron da ya gama aji shida bai iya rubuta sunansa ba, dako zai yi a tashar garinsu, wasu daga nesa su zauna a ofis. Jihar da aka kafa Kwalejin Katsina a cikinta fiye da shekara ɗari da suka wuce, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, bai kamata 'ya'yanta na bakin iyaka su ƙare a haka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ke aji ɗaya bana ba zai jira mu gama rabon muƙamai ba.

Bayan an tashi, sakatarenmu na zaune a bakin ƙofa da littafi. Duk mai son shiga cikin masu zagayen makarantu ya rubuta sunansa da ƙauyensu. 'Yan uwa mata, muna buƙatarku ƙwarai, akwai gidajen da mu ba za mu iya shiga ba. Babu alawus, babu kuɗin mai, na faɗa tun yanzu don kada wani ya ce an yaudare shi. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu zauna a nan mu raba makarantu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Jibiya da Katsina da Najeriya da maƙwabtanmu Nijar. Allah Ya maida waɗanda suka bar gidajensu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin tambaya.